Guangling San: Tarihi da Ma'anar Wani Daɗaɗɗen Kiɗan Sinawa da Aka Ce Ya Mutu da Makaɗinsa

Gabatarwa

A wajejen shekara ta 262 Miladiyya aka fito da wani malami mai suna Ji Kang zuwa Kasuwar Gabas ta birnin Luoyang, a ƙasar Sin, domin a sare masa kai. Littattafan tarihin Sinawa sun ce da ya isa gaban hauni sai ya dubi inuwa, ya ga da sauran lokaci, ya nemi a kawo masa abin kiɗansa. Ya zauna ya kaɗa wani kiɗa mai suna Guangling San. Da ya gama sai ya shaida wa jama'a cewa wani mai suna Yuan Xiaoni ya sha roƙonsa ya koya masa wannan kiɗa, shi kuwa ya yi ta hana shi, saboda haka daga ranar kiɗan ya ƙare.

To, ga shi bayan shekara fiye da 1,700, wani jikana ya samo mini wannan kiɗa ta intanet, na zauna a zaure na saurare shi har ya fi a ƙirga. Ke nan ɗayan biyu ne: ko dai Ji Kang bai faɗi daidai ba, ko kuwa abin da na ji ba shi ne ya kaɗa ba. Wannan ita ce tambaya ta farko da wannan nazari zai duba. Ta biyu kuwa, mene ne kiɗan yake faɗi, tun da ba waƙa a cikinsa, har ya sa wasu manyan malaman Sin suka ƙyamace shi?

Abin Kiɗan da Ake Kira Gucin

Sinawa suna rubuta sunan abin kiɗan guqin, ana furta shi gucin. Ba shi da wuya da ƙoƙo irin na garaya ko molo. Katako ne dogo mai rami a ciki, tsawonsa kamar santimita 120, ana kwantar da shi a kan tebur ko a cinya. Tsirkiyoyinsa bakwai ne, a da na alharini ne zalla. Akwai ɗigo 13 da aka jera a gefensa don nuna wa makaɗi inda zai sa yatsa. Hannun dama ke fizgar tsirkiya, na hagu kuma ya danne ta ko ya zame a kanta. Amo iri uku yake bayarwa: na tsirkiya a sake, mai kauri, na taɓawa sama-sama, siriri garau, da na dannewa, wanda ke lanƙwasa kamar muryar mutum.

Muryar gucin ƙasa-ƙasa take, ba ta cika fili. Saboda haka bai zama abin kiɗan biki ko na roƙo ba. Malamai da ma'aikatan hukuma su ne makaɗansa, mutum ya kaɗa wa kansa ko wa aboki ɗaya ko biyu, da nufin natsuwa da gyaran hali. Hukumar UNESCO ta sanya fasaharsa cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2003.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a tsohuwar koyarwar Sinawa kowace tsirkiya tana da matsayi. Ta farko, mai amo mafi kauri, ita ce sarki. Ta biyu ita ce bafade ko waziri, ta uku talakawa. Za mu dawo kan wannan, don a nan gizo ke saƙa.

Labarin Nie Zheng

An raba Guangling San kashi 45, kuma kowane kashi da sunansa. Cikin sunayen akwai masu ma'anar kama Han, da tashin fushi, da jefa takobi, da jarumar mace, da binne suna. Waɗannan suna nuni ga labarin wani mutum, Nie Zheng, wanda ya zo ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce ta babban masanin tarihi Sima Qian. Ya ce Nie Zheng ya yi kisan kai, ya gudu da uwarsa da yayarsa zuwa ƙasar Qi, ya kama fawa. Wani bafade, Yan Zhongzi, wanda ke gaba da wazirin ƙasar Han, ya je har gida ya girmama shi, ya kai wa tsohuwarsa kyautar zinariya. Nie Zheng ya mayar da kyautar, ya ce muddin uwarsa na raye ba shi da ikon ba da ransa ga kowa. Da ta rasu ya gama makoki, sai ya tafi shi kaɗai ya kutsa cikin dogarai ya kashe wazirin. Wannan ya faru a shekara ta 397 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sa'an nan ya ɓata fuskarsa da wuƙa ya kashe kansa, don kada a gane shi a huce a kan yayarsa. Aka ajiye gawar a kasuwa, aka sa lada ga wanda ya san shi. Yayar ta zo ta faɗi sunansa a bainar jama'a, domin kada sunan ƙanenta ya ɓace saboda ita, ta mutu a gefen gawar.

Hanya ta biyu tana cikin wani littafi na labaran kiɗe-kiɗen gucin da ake danganta shi ga Cai Yong, wanda ya rasu a 192 Miladiyya. A nan uban Nie Zheng maƙeri ne, Sarkin Han ya kashe shi don ya makara wajen ƙera takobi. Ɗan ya shiga duwatsu ya yi shekaru yana koyon gucin, ya sauya kamanninsa da muryarsa, har haƙoransa ya fasa. Da ya shahara sarki ya kira shi fada. Ya ɓoye wuƙa cikin abin kiɗan, ana tsakiyar saurare ya zaro ta ya soke sarkin.

A ganina na farko ya fi kama da tarihi, na biyu kuwa aikin makaɗa ne. Sun mai da mahauci makaɗi, sun mai da waziri sarki, sun kuma mai da kisan biyan alheri ramuwar jinin uba, wadda ta fi saukin karɓuwa ga al'ummar da ta ɗaukaka biyayyar iyaye. Sai dai a lura, babu wata shaida daga zamanin Ji Kang da ta nuna shi kansa ya haɗa kiɗan da wannan labari.

Ji Kang da Zamaninsa

An haifi Ji Kang a wajejen 223, a daular Wei, ya kuma auri 'yar gidan sarautar Cao. A 249 gidan Sima suka ƙwace iko, suka bar sarki da rawani kawai. A 260 mutanensu suka kashe matashin sarki Cao Mao a kan titi. A irin wannan zamani, karɓar muƙami mubaya'a ce, ƙin karɓa kuma tawaye ne. Ji Kang yana cikin malamai bakwai da aka sani da Masu Hikima na Kurmin Gora, waɗanda suka janye jiki suka koma ga kiɗa da waƙa da muhawara. Shi har ƙira yake yi a ƙofar gidansa.

Abu uku suka kai shi ga hauni. Na ɗaya, wani na hannun daman gidan Sima, Zhong Hui, ya kai masa ziyara da tawaga, Ji Kang ya ci gaba da dukan ƙarfensa bai tashi ya tarbe shi ba. Na biyu, abokinsa Shan Tao ya ba da sunansa don ya gaje shi a muƙami, shi kuwa ya rubuta masa doguwar wasiƙa ta yanke abota, inda ya jero dalilan da suka sa ba zai iya aikin hukuma ba, ya kuma taɓa tsofaffin sarakunan da masu ƙwacen mulki ke kafa hujja da su. Na uku, ya tsaya shaida ga abokinsa Lu An, wanda wansa ya ci amanarsa a kan matarsa, sa'an nan ya riga shi kai ƙara da cewa ba ya biyayya ga uwarsu. Zhong Hui ya samu ƙofa, ya kai sara wurin Sima Zhao, aka yanke wa abokan biyu hukuncin kisa. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a nan zani ce ta tadda muje mu. An ruwaito ɗalibai 3,000 na babbar makarantar daula sun roƙi a bar shi ya zama malaminsu, aka ƙi. Bai wuce shekara 40 ba.

Ba Ji Kang ne ya ƙirƙiri kiɗan ba. An ambace shi a rubuce-rubucen da suka riga shi, shi ma ya lissafa shi cikin sanannun kiɗe-kiɗe a wani rubutu nasa na yabon gucin. Labarin da ke cewa wani baƙon ɓoye ne ya koya masa da dare, ya sa shi rantsuwar ba zai koya wa kowa ba, almara ce da ta biyo baya.

Tsirkiya ta Biyu

Kafin a kaɗa Guangling San, sai an sassauta tsirkiya ta biyu har amonta ya yi daidai da na ta farko. Amfanin haka ga makaɗi a fili yake: in ya doki biyun tare, sai a ji amo ɗaya mai nauyi ninki biyu, kamar an buga ganga. Amma ga malamin da ya tashi da koyarwar cewa ta farko sarki ce, ta biyu bafade, abin da ya gani shi ne bafade ya hau buzun sarki. Zhu Xi (1130 zuwa 1200), wanda koyarwarsa ta zama ginshiƙin jarrabawar shiga aikin hukuma na ɗaruruwan shekaru, ya soki kiɗan da cewa ba natsuwa a cikinsa, kuma yana ɗauke da niyyar bafade ya danne ubangidansa.

Tun kafin shi, wani ma'aikacin daular Tang mai suna Han Gao ya yi wa kiɗan wata fassara. Ya ce Guangling sunan gari ne, wato Yangzhou ta yau, kalmar san kuma tana nufin watsewa, saboda haka Ji Kang kukan janar-janar ɗin da suka yi wa gidan Sima bore a wannan yanki aka murƙushe su yake yi. Fassarar tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Boren uku, na 251 da 255 da 257, a Shouchun aka yi su. Bugu da ƙari, masani Shen Kuo (1031 zuwa 1095) ya nuna cewa san a nan sunan wani nau'in kiɗa ne kawai. Ke nan sunan bai wuce a ce kiɗan mutanen Guangling ba.

Abin ban sha'awa shi ne, Ji Kang da kansa ya rubuta wata maƙala da ya kafa hujja cewa amo ba ya ɗauke da baƙin ciki ko farin ciki. A wurinsa amo yana da daɗi ko rashinsa, da ƙarfi ko taushi, amma abin da mai saurare ya ji daga zuciyarsa ya fito, kiɗa ya motsa shi ne kawai. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. In aka kaɗa taken wani basarake, ɗan gari yana jin kalmomi sarai, har tsikar jikinsa ta tashi, baƙo kuwa ƙarar ganga kawai yake ji. Na gwada haka a kaina. Saurarena na farko, kafin in san labarin, ban ji takobi ba, ban ji fansa ba. Abin da na ji shi ne mutum yana maimaita magana ɗaya cikin ransa, yana ƙara matsa ta.

Amma ban bi Ji Kang har ƙarshen hanya ba. Sassauta tsirkiya ta biyu abu ne da makaɗi ke yi da hannunsa, da saninsa, a cikin al'ummar da kowa ya san sunan da ake kiran wannan tsirkiya. Zhu Xi bai yi ƙage ba, ya karanta abin da ke gabansa. Inda na saɓa masa shi ne hukuncin. Al'adar da ta yarda abin kiɗan malamai ya faɗi natsuwa kaɗai, ta hana shi faɗin fushi, ta rufe wa mai gaskiya baki ne. Darajar Guangling San ita ce ya zama wuri guda da aka bar wa wannan fushi.

Yadda Kiɗan Ya Iso Gare Mu

Rubutu mafi tsufa na Guangling San da ke hannu yana cikin littafin Shenqi Mipu, na shekarar 1425, mai ɗauke da kiɗe-kiɗe 64. Wanda ya tara su, Zhu Quan (1378 zuwa 1448), ɗa ne ga wanda ya kafa daular Ming. Wansa ya karɓe masa sojoji ya ci sarauta da su, sa'an nan ya mai da shi Nanchang, inda ya ƙare rayuwarsa cikin littattafai. Ba abin mamaki ba ne irin wannan mutum ya adana kiɗan da wasu ke gudu. Ya ce rubutun da ya samu ya fito ne daga fadar daular Sui, ya bi ta hannun Tang da Song.

Tsakanin 262 da 1425 akwai shekara 1,163. Irin rubutun kiɗan da aka yi amfani da shi bai samu ba sai a zamanin Tang (618 zuwa 907). Tsofaffin bayanai ma sun saɓa a kan yawan kashe-kashen kiɗan, wasu 33, wasu 41, na Zhu Quan 45, wanda ke nuna an yi ta ƙari. Daɗin daɗawa, wannan rubutu yana da wata siffa. Kowace alama an haɗa ta ne da gutsattsarin haruffa, tana faɗin wane yatsa, wace tsirkiya, wane ɗigo, da yadda za a fizga. Ba ta faɗin sauri ko jinkiri, ko tsawon da amo zai yi. Wannan daga bakin malami ake ɗaukarsa. In silsilar malamai ta yanke, sai wani gwani ya zauna da takarda ya yi ta gwaji har ya fito da tafiyar kiɗan. Sinawa na kiran wannan aiki dapu, suna kuma cewa ƙaramin kiɗa kan ci wata uku, babba shekara uku.

Haka ta faru da Guangling San. Ya daɗe a takarda ba mai kaɗa shi. Da aka yi zagayen neman makaɗan gucin a 1956, ƙarƙashin jagorancin Zha Fuxi, waɗanda aka ɗauki kiɗansu ba su kai ɗari ba a duk faɗin ƙasar. A cikin waɗannan shekaru ne Guan Pinghu (1897 zuwa 1967) ya fito da kiɗan daga rubutun 1425, aka naɗe shi, tsawonsa minti ashirin da 'yan kai. Shi ne makaɗin da aka sa wani kiɗansa, mai suna Ruwa Mai Gudu, cikin faifan zinariyar da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Wasu gwanaye, kamar Yao Bingyan, sun yi nasu dapu daga takarda ɗaya, tafiyarsu ta bambanta.

Abin da Kunne Ya Ji

Na Guan Pinghu shi na fi saurare. Yana farawa a hankali, amo ɗai-ɗai da shiru a tsakani. Akwai 'yan jimlolin kiɗa biyu da ke ta dawowa cikin sabuwar kama, ɗaya mai taushi, ɗaya mai tsauri. Tsakiyar kiɗan, mai kashi 18, nan ne ake yawaita dukan tsirkiyoyi biyun nan tare, yatsu su share tsirkiyoyi gaba da baya, sa'an nan a koma siririn amon nan kamar mai jan numfashi. Ƙarshensa ba murnar nasara, lafawa ce. Ana kuma jin ƙarar gogar yatsa a kan alharini, wadda Sinawa ba su ɗauke ta aibi ba.

Gaskiya ɗaci gare ta: kiɗan ya yi tsawo ga sabon kunne, kuma kashe-kashen baya suna maimaita abin da aka riga aka faɗa. Shi ya sa makaɗa da yawa ke taƙaita shi zuwa 'yan mintoci. Amma masu taƙaitawar sukan tsinci wuraren hargowa su zubar da sauran, ga kuma tsirkiyar ƙarfe mai rufin roba da ta yaɗu daga baya, mai ƙarin kaifi. Sai a samu kiɗan yaƙi kawai. Wannan hasara ce, domin nauyin labarin Nie Zheng yana cikin jiran da ya yi, ba cikin sukar ba. Guan Pinghu ya gane haka, ya ƙi yin gaggawa.

Kammalawa

Amsar tambaya ta farko ita ce, abin da Ji Kang ya faɗa rabinsa gaskiya ne. Yadda shi ya kaɗa ya tafi tare da shi, ba mai iya dawo da shi. Abin da muke ji yau alamomin yatsu ne na 1425 da numfashin wani dattijo na ƙarni na 20. Amma kiɗan bai mutu ba, domin tun asali ba nasa ba ne shi kaɗai. Amsar ta biyu kuwa, ma'anarsa ta taru ne sannu a hankali: labarin mahauci, da mutuwar malami, da sukar Zhu Xi, duk suka zauna a kan wannan tsirkiya da aka sassauta.

Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, saboda haka ba zan ɓoye ba, na fi kama da Shan Tao da Ji Kang. Na sa hannu a takardun da zuciyata ba ta kwanta da su ba, na ce ai in na tafi wanda ya fi ni muni zai zo. Kiɗan nan yana tuhumar irina, kuma na yarda da tuhumar. Amma tarihi ya ajiye wani abu. Kafin a kashe Ji Kang, ya gaya wa ɗansa Ji Shao cewa muddin Shan Tao na raye shi ba maraya ba ne. Shan Tao ya riƙe amana, daga baya ya shigar da yaron aikin daular Jin, ta gidan Sima ɗin nan. A 304 Ji Shao ya mutu a fagen fama yana kare sarkin Jin da jikinsa. Zhong Hui kuwa, shekara biyu kacal bayan sharrin da ya ƙulla, aka kashe shi a nasa boren.

Abin da nake roƙon malaman makaranta su lura da shi, in za su ba yara wannan labari, shi ne kada su tsaya a Kasuwar Gabas. Ji Kang ya yi jarunta, amma ya yi rowar abin da ya sani, kuma da bakinsa ya ambaci wannan a ranar ƙarshe. Waɗanda suka sa muke jin Guangling San yau su ne marubutan da ba a san sunansu ba, da suka yi ta kwafar alamomi daga takarda zuwa takarda shekara da shekaru, da yariman da aka raba da sojojinsa, da tsohon da ya zauna yana gwada yatsa a kan tsirkiya har abin ya fito. Sunan na Ji Kang ne, amma aikin nasu ne.